Godiya a Cikin Kayan Fiddausi

Litinin, bayan La'asar

Yau an kawo mini yarinya riƙo.

Sunanta Godiya, shekararta tara. 'Yar Rifkatu mai daddawa ce, wadda take zuwa mini daga wani ƙauye can bayan Dugabau duk ranar kasuwa tun ina amarya. Kiristoci ne, Hausawa irinmu, in ana karin magana ma Rifkatu ta fi ni baki. Abin da ya faru a ƙauyensu ranar Alhamis ba zan rubuta shi a nan ba. Kowa ya ji, kuma kowa da yadda yake ba da shi. Rifkatu dai tana asibiti a Kano, ba ta san wanda ke kanta ba. Uban yarinyar kuwa ba a maganarsa. Dangi sun watse.

Malama Badi'a ta ofishin walwalar jama'a ce ta shigo da ita riƙe da hannu. Ta ce da suka tambayi yarinyar wa ta sani a Gwarzo, sai ta ce, "Maman Fiddausi mai keken ɗinki." Tun da Fiddausi ta rasu bara da damina babu wanda ya sake kirana da wannan sunan. Mutane suna kewaye shi kamar rami.

Malama Badi'a ba ta da kwana-kwana. Ta ce, "Naja'atu, riƙo ne fa, ba kyauta ba. Ki ciyar da ita, ki kula da lafiyarta. Addininta kuma haƙƙinta ne da na uwarta, yadda aka kawo miki ita haka za ki mayar. Ranar Lahadi a kai ta coci, ƙaramin nan na bayan tasha, na riga na yi magana da matar faston."

Maigidana Malam ya ce, "Amana ce, mun karɓa. Allah ya ba mu ikon riƙewa."

Gwaggo, ƙanwar mahaifin Malam wadda ta raine shi, tana zaune a bakin ɗakinta tana tsince wake. Wuyan yarinyar take kallo, inda wani baƙin zare yake rataye da ɗan gicciye na katako.

Talata, hantsi

Riga ɗaya ta zo da ita, ita ma warin hayaƙi take yi. Na wanke sau biyu bai fita ba.

Ni mai ɗinki ce. Yadi yana nan tuli, kafin Azahar da na gama mata riga da zani. Amma akwatin nan na ƙarƙashin gado na jawo na buɗe. Kayan Fiddausi sun zauna mata cif, ko ƙari ko ragi.

Laraba, bayan Magariba

In za ta ci abinci sai ta rufe ido, ta haɗa hannu, leɓɓanta suna motsi. Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, tuwon zai huce kafin ki gama gaisawa da mutanenki." Yarinyar ba ta gane zolaya ce ba, ta buɗe ido a tsorace.

Daga baya Gwaggo ta same ni a madafa, ta ce ita ba za ta iya sa hannu a kwano ɗaya da wannan abin yana lilo a gabanta ba. Na ce to, a zuba wa kowa nasa. Ta ce a gidan malamai ba a taɓa yin haka ba, yaro ya ci shi kaɗai kamar mai cuta.

Da na zo yi wa Godiya wanka na ce bari in ajiye mata abin wuyan kada ya ɓata. Ƙullin ya ƙi kwancewa, na sa almakashi. Yana cikin gwangwanin maɓallai. Ta bi gwangwanin da ido har na ɗora shi a kan sif.

Juma'a, da safe

Ta fara magana. Ta ce akuyarmu ta fi tasu rashin kunya. Na yi dariya har Malam ya leƙo daga soro yana tambayar ko lafiya.

Lahadi, hantsi

An kwana ana ruwa, hanyar bayan tasha duk taɓo ce. Wa zai fita da yarinya a haka?

Talata, bayan Azahar

Hutun makarantar boko ake yi, sai Islamiyya. Tamu kuwa a jikin gida take, soro da ɗakuna biyu, duk karatun da ake yi a kunnenmu ake yinsa. In yara suka shiga aji unguwa ta yi tsit, sai Godiya ita kaɗai tana zagaya tsakar gida kamar kazar da aka kwashe wa 'ya'ya. Na ji ta ɗazu tana bin karatun a hankali ta jikin katanga. Kai gare ta, abu sau ɗaya take ji.

Gwaggo ta ce zaman kaɗaici ba shi da kyau ga wanda ya ga tashin hankali, a bar ta ta je ta zauna cikin 'yan'uwanta yara, ai ba cizo za a yi mata ba. Ina kan keke ina haɗa wuyan riga. Ta shiga ɗakina da kanta ta ɗauko kayan makarantar Fiddausi, koriyar riga da wando da farin hijabi.

Da na ɗago kai sai na ga bayan Godiya tana ratsa tsakar gida za ta soro, hijabin yana jan ƙasa kaɗan ta hagu, yadda yake yi da can. Allura ta shige mini yatsa ban ji ba, sai da jini ya ɓata wuyan rigar mutane.

Ban hana ba. Abin da zan rubuta ke nan.

Alhamis, bayan La'asar

Babu makaranta yau. Ta taya ni cire ragowar zare daga rigar amarya, tana waƙar da ban sani ba. Da ta ga ina saurare sai ta yi shiru.

Ta ce mini Umma. Ba ni na sa ta ba.

Asabar, Azahar

Malama Badi'a ta bugo. Jikin Rifkatu yana nan yadda yake. Ta tambayi yarinya, na ce tana ci tana sha, har kumatu ta fara. Ta tambayi Lahadi, na ce ruwa ne ya hana. Ta ce, "To, gobe in Allah ya kai mu." Na ce in sha Allahu.

Lahadi, da safe

Ba a yi ruwa ba. Kaina ke ciwo.

Ta tambaye ni, "Umma, yau Lahadi ce?" Na ce ina jin haka. Ta tsaya jim, sannan ta ɗauki hijabin ta tafi soro.

Litinin, bayan La'asar

Bari in rubuta yadda abin ya kasance tun kafin a ƙara masa gishiri.

Malam ya tafi Kutama ta'aziyya tun da asuba. Malam Hambali, saurayin nan mai koyar da ƙananan yara, yana biya musu shika-shikan Musulunci. Ina ji ta katanga. Ya faɗa su amsa, ya faɗa su amsa, kamar kullum. Sai ya ce a miƙe ɗaya bayan ɗaya a faɗi kalmar shahada, daga bakin ƙofa zuwa ƙarshen layi. Yara suna yi, wani ya cinye rabi, wani ya yi in'ina. Layi ya zo kan Godiya. Me za ta yi? Ta miƙe ta faɗa, da muryarta mai zaƙi, ta fi kowa fitar da haruffa.

Na ji ajin ya yi tsit. Sai Malam Hambali ya ɗaga murya ya yi kabbara, yara suka amsa. Kafin in sauko daga kan keke sun watse cikin unguwa suna ihu, "'Yar Kiristan gidan Malam ta musulunta!"

Ban taɓa ganin gida ya cika da sauri haka ba, sai ranar nan ta bara. Mata suna guɗa, wasu suna kuka, kowa yana son ya taɓa kanta. Hajiya Gwamma, matar Alhaji Maikuɗi, ta rungume ni tana cewa, "Naja'atu, kin haye. Ko wannan kaɗai kika je da shi lahira ya ishe ki." Godiya tana tsakiya, an cika mata hannu da alawa, tana kallona tana murmushi irin na yaron da ya ci jarrabawa.

Wata ta ce to wane suna za a sa mata. Gwaggo ta share hawaye da bakin zani ta ce, "Suna ai yana nan a gida. Wanda ya karɓa shi ne ya mayar. Fiddausi."

Na shiga banɗaki na daɗe.

Talata, bayan Asuba

Malam ya dawo jiya da Magariba, tun daga tasha ake yi masa barka. Bai ci tuwo ba. Yanzu da ya dawo daga masallaci ya zauna a bakin gado ya ce, "Biya karatu daban, shiga addini daban. Yarinya ce ƙarama, layi ya zo kanta ta faɗi abin da na gabanta ya faɗa. Kuma uwarta tana da rai. Wannan ko ɗalibina na ajin farko ya kamata ya sani, balle Hambali."

Na ce to ya fita ya faɗa musu mana.

Ya ce, "Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Alhaji Maikuɗi ya ce zai yanka rago Juma'ar sama a yi walima. Liman ya ji. In na ce ba haka ba ne, cewa za a yi na mayar da Musulma kafirci, kin san abin da wannan kalmar take jawowa a gari." Ya dube ni. "Ke me kike so, Naja'atu?"

Na ce kunu zai ƙone.

Laraba, hantsi

Alhaji Maikuɗi ya aiko da turmin atamfa biyu da takalmi. Yaran unguwa sun fara kiranta Fiddausi. Tana waiwayawa.

Alhamis, bayan Azahar

Gwaggo ta zo ta zauna kusa da keke, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce, "Ke yarinya ce har yanzu, ba ki san gata ba in ya zo. In Musulma ce, wa zai zo ya ɗauke ta daga gidan nan? Ko 'yar ofis ɗin nan mai jaka ba ta isa ba. Gari ba zai bari ba. Kin yi kuka shekara guda, Allah ya share miki hawaye, za ki tsaya kina tambayarsa da wane hannu?"

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne duk abin da ta faɗa na riga na faɗa wa kaina tun ranar Litinin.

Asabar, La'asar

Na yanka atamfar Alhaji. Ban ɗinka ba, na dai yanka.

Lahadi

Ba ta ma tambaya ba.

Litinin, Azahar

Malama Badi'a ta bugo tana haki don murna. Rifkatu ta farfaɗo. Idanunta ne dai likitoci ba su ce komai a kai ba tukuna, an naɗe su. Abin da ta fara faɗa sunan 'yarta ne.

Na ce alhamdu lillahi. Na faɗa sau uku, kuma Allah ya sani na farkon da gaske nake.

Sai ta sassauta murya ta ce, "Naja'atu, wani labari nake ji daga unguwarku. Ki ce mini ƙarya ne." Na ce ba na jin ta sosai, sabis ne babu. Na kashe waya. Miyar kuka ta kama a tukunya, Gwaggo tana ta faɗa wai hankalina ba ya jikina.

Ban gaya wa yarinyar ba tukuna.

Talata, bayan La'asar

Na zaunar da ita a tsakanin ƙafafuna ina yi mata kitso, saboda Juma'a. Gashinta ya fi na Fiddausi tauri, na rubuta wannan don in riƙa tunawa.

Na tambaye ta a hankali, "Ranar nan a aji, me ya sa kika faɗi abin da kika faɗa?"

Ta ce, "Layi ne ya zo kaina. In ba ka faɗa ba Malam Hambali yana sa ka riƙe kunne."

Na ce shi ke nan?

Ta ce, "Kuma Gwaggo ta ce in na zama Fiddausi za ki daina kuka a bayan keke."

Na ci gaba da kitso. Ban san ta gani ba, kullum ina juya wa ƙofa baya.

Can sai ta ce, "Umma, addu'ar da mamata ta koya mini, wadda muke yi in za mu kwanta. Ina fara ta, sai in tsinci kaina a ƙarshe. Tsakiyar ta ɓace. Jiya na nema na nema ban samu ba." Ta juyo da kai har kitson ya kwance daga hannuna. "Ke kin san ta?"

Ban san ta ba. Ta ina zan san ta? Uwa tana kwance a Kano da ido a naɗe tana kiran sunan 'yarta, ni kuma ina nan ina kankare sunan da hannuna, kaɗan-kaɗan, da tuwo da alawa da kayan wadda ta mutu. Da Fiddausi ce aka kai wani gida, ta dawo mini ta manta tsakiyar Fatiha, da na yafe wa matar gidan? Wallahi da ban yafe ba har abada.

Na ce mata mamarta ta farka. Ta yi wani irin ihu, ta ruga tsakar gida da rabin kitso tana tsalle, har akuya ta tsinke igiya.

Laraba, bayan Asuba

Na ce wa Malam, "Ka tambaye ni me nake so. Ita nake so. Amma kayan aro ba ya rufe katara."

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Za mu sha magana." Na ce na sani. Ya ce wataƙila fiye da magana. Na ce shi ma na sani. Ya sa hula ya ce zai fara da Liman, sannan Alhaji, Hambali kuma zai zo ya same shi a soro.

Na kira Malama Badi'a na gaya mata komai, har da Lahadi ukun. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi kawai za ta sanar da hakimi da 'yan sanda su sa ido, kuma in na ga abin zai fi ƙarfinmu ta zo ta ɗauke ta zuwa gidan yara a Kano. Na ce a'a. A gidana aka ɓata, a gidana za a gyara.

Laraba, La'asar

Na ɗinka mata riga da zani daga yadina, ruwan ɗorawa mai ganye-ganye, ita ta zaɓa. Atamfar Alhaji da na yanka kuwa sai na saya masa wata. Kayan makarantar na wanke na shanya a bayan ɗaki.

Liman ya ce wa Malam maganarsa daidai ce a ilmi, amma shi ba zai hau mumbari da ita ba. Gaba kura, baya sayaki.

Alhamis, bayan Azahar

Mata sun zo da turame da tabare za a fara dakan walima, don ba duka labari ya kai wa ba. Gwaggo ta shige ɗaki ta sakaya ƙofa, ta bar ni da su.

Na tsaya a bakin rijiya na ce, "Ku yi haƙuri, babu walima. Yarinyar nan karatu ta biya cikin yara, ba ta san me ake nufi ba. Sunanta Godiya. Uwarta ta farfaɗo, kuma amana aka ba mu."

Sai Hajiya Gwamma ta ajiye tabarya ta ce, "Naja'atu, kina cikin hankalinki? Haske ya shigo gidanki, ki sa hannu ki tare? Me za ki ce wa Allah?"

Na ce, "Hajiya, in Allah yana son ta, ya san inda take. Ba ya bukatar in sato masa ita uwarta tana kwance. Mu da kanmu muke cewa babu tilas a addini, ko sai in ya zo kan manya?"

Wata daga baya ta ce ai tun da 'yarta ta mutu kanta ba daidai yake ba. Na ji, kuma na san muryar. Suka kwashe turame suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba sallama. Tsohuwa ɗaya ce kawai, mai ƙosan bakin masallaci, ta tsaya ta matse mini hannu.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Malam ya dawo da wuri. Ya ce babu wanda ya zage shi. Babu kuma wanda ya ba shi hannu.

Asabar, hantsi

Rabin yara ba su zo makaranta ba. Malam Hambali ma bai zo ba, an ce ya koma wata Islamiyyar. Mata uku sun aiko a karɓar musu yadinsu ba a ɗinka ba.

Asabar, bayan La'asar

Dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakina, sannan wani. Samari ne a bakin lungu, na ji muryoyinsu. Godiya ta shige ƙarƙashin keke ta toshe kunnuwa, tana faɗin wani abu game da wuta. Ba zan rubuta shi ba.

Gwaggo ce ta fita. Gwaggo, da sandarta, ba ko mayafi. Ina jin ta daga nan tana cewa, "Wane ɗan marar kunyar ne? Kai, na gane ka, ni na yanke maka cibiya! Gidan Malam Zainulabidin za ku jefa? Yarinya tana cikin gidana, ko 'yar wace ce, wanda ya isa ya shigo!" Suka watse.

Da ta dawo ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Kada ki ɗauka na yarda da ke ne."

Lahadi, bayan Azahar

Na sauko da gwangwanin maɓallai. Zaren da na yanke ba zai ƙullu ba, ya yi gajere. Na ɗauko baƙin zaren ɗinki na ninka shi huɗu na murza, na zura gicciyen na ɗaura mata da hannuna. Ban taɓa riƙe irinsa ba sai ranar da na cire.

Na sa dogon hijabina, na kama hannunta. Da muka fito soro sai ga Malam a tsaye da babbar riga. Ya shige gaba, muka bi shi a baya. Tun da nake ban san hanyar tasha tana da nisa haka ba. Masu shago suna kallo, masu acaɓa suna kallo, wani ya yi tsaki har na ji. Malam yana yi wa kowa sallama, wanda ya amsa da wanda bai amsa ba.

Matar faston ta tare mu a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaida Malam, ta karɓi yarinyar. Ta ce in shigo inuwa daga gefe, na ce na gode, nan ma ya isa. Malam ya wuce wajen mai shayi, ni na zauna a gindin darbejiya ina jan carbina. Suna waƙa a ciki da Hausa, da ganga. Na gane waƙar, ita ce wadda take yi in tana taya ni aiki.

Da aka tashi ta fito da gudu, ta faɗo jikina har carbin ya faɗi. "Umma, na samo! Na samo tsakiyar!" Tana so ta faɗa mini, sai ta tsaya ta dube ni, ko ya halatta. Na ce ta adana wa mamarta.

Talata, Magariba

An sallami Rifkatu. Wani wanta ya samu ɗaki a Kabo, can aka kai ta. Malama Badi'a ta ce gobe za mu mayar mata da Godiya.

Na ɗinka riguna biyu. Na sake ɗinka ɗaya. Gwaggo tana ta dakan dakuwa tun La'asar, wai sha'awarta ta tashi, ita da ba ta da haƙoran ci.

Laraba, bayan La'asar

Gwaggo ta ƙulle dakuwar a leda ta cusa mata a jaka, ta ce, "Ungo, 'yar nema. In kin ga dama ki manta da mu." Sannan ta juya ta shige ɗaki da sauri.

A motar ofis muka tafi, ni da ita da Malama Badi'a. Dawa ta yi tsayi a hanyar Kabo, ban ga komai ba sai kore.

Rifkatu tana zaune a kan tabarma, ta rame har ban gane ta ba sai da ta yi magana. Idanun a naɗe suke. Godiya ta faɗa jikinta, suka daɗe a haka, mu duka muka kau da kai. Sannan ta fara laluba 'yarta da hannu, kai, kitso, kunnuwa, kumatu. Ta ce, "Kin yi ƙiba." Hannun ya gangaro wuya ya tsaya. Ta kama gicciyen, ta bi zaren da yatsa har ƙulli.

Ta ce, "Maman Fiddausi, kina nan?"

Na ce ina nan.

"Wannan ba zarena ba ne."

Malama Badi'a ta buɗe baki za ta yi magana, na riga ta. Na ce, "Nawa ne. Naki ni na yanke shi."

Ban san me ta ji a asibiti ba, ban san me aka gaya mata ba, kuma fuskar da babu ido ba ta karantuwa. Tana ta murza zaren a tsakanin yatsu. Ta ja shi kaɗan, ta sake ja.

Ta ce, "Ya fi nawa ƙwari."

Ban iya zama cin abinci ba. Da za mu fito Godiya ta biyo ni har bakin mota, ta ce in ta yi addu'ar nan da dare za ta sa ni a ciki, da Fiddausi, in babu laifi. Na ce babu.

Alhamis, bayan Magariba

A makon nan yara biyar sun dawo makaranta. Na ba ƙaramar cikinsu, wadda rigarta ta yage, koriyar riga da wando da farin hijabi. Na rage tsawon hijabin ta hagu kafin in ba ta.

Gwaggo tana kwashe tuwo ɗazu, ta ɗauko ƙaramin kwanon da take zuba wa Godiya ta riƙe, ta tsaya tana kallona.

Na ce, "Ki kife shi, Gwaggo. Mai shi tana gidansu."